Minti Ashirin Zuwa Kan Tudu

Mze Twahiri, babban dattijon gari, ya kai mutanen ƙauyen kan tudu a cikin minti arba'in da ɗaya. Minti ashirin ake so.

Da hantsi aka kunna jiniyar gwaji. Mutane suka fito, mata da goyo, masunta da jiƙaƙƙen wando, suka taru a bakin hanyar tudu. A nan suka tsaya cik. Hanyar siririya ce tsakanin itatuwan kanumfari, mutum biyu ba sa jerawa. Kuma a garin nan ba a wuce wanda ya yi babban aure. Mze Twahiri ya yi nasa shekara talatin baya, ya yanka shanu goma sha biyu, ya ciyar da gari kwana tara. Shi ke fara magana a dandali, shi ke fara sa hannu a akushi. To shi zai fara hawa. Ya gyara mayafin kafaɗarsa, alamar masu babban aure, ya dogara sanda. Gwiwarsa ta hagu ta daɗe da yi masa tawaye. Mutum ɗari uku suka bi shi, taku uku, hutu ɗaya.

A sama Madam Odile, mai duba gwajin, na tsaye da agogo a hannu. Daga Seshel ta zo, tare da 'yan kwana-kwana huɗu na Morishas. Tun guguwar da ta yaye rufin rabin gaɓar nan, ƙasashen uku, Seshel da Morishas da Komoro, suka ga kowace ƙarama ce, ba wadda za ta iya ita kaɗai. Suka haɗa hannu. Za a gina rumbu ɗaya a wannan gaɓa ta Komoro, a zuba tantuna da magani da injin tace ruwa, a kafa jiniya ta dindindin. Garin da ya iya kwashe mutanensa cikin minti ashirin shi zai samu. Ƙauyen gaba sun yi ashirin da biyu jiya. In ba garin da ya yi a cikin ashirin ɗin, nasu ne.

Madam ta dubi agogo, ta dubi tsohon, ta gaishe shi da ladabi.

A gida aka yi maganar.

"Baba, za a sake da la'asar," in ji Zalhata, 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, wadda ke yi wa baƙin tafinta. "Sau ɗaya tak."

"A sake."

Matarsa Mwanaesha ta dire masa shinkafa da ganyen rogo mai madarar kwakwa.

"Ƙasar matar nan ai ƙasar manyan kunkuru ce," ta ce. "Ta ce ko can ba ta taɓa ganin mai nawarka ba."

"Ba ta faɗa ba."

"Fuskarta ta faɗa. Ni ina bayanka, har gyangyaɗi na yi a tsaye."

"Ki ci abinci, mace."

"Zan ci. Gidana ne, ubana ya gina mini. In teku ta shigo, kai ka ɗauki hularka ka tafi masallaci. Ni ina za ni?"

Ya ci abincinsa sarai, ya suɗe hannu. Ya tuna bayan waccan guguwa, kwana takwas suna shan ruwan kwakwa kafin jirgi ya zo. Ya tuna kuma yadda mutanen ƙauyen gaba ke tafiya in sun sami abin taƙama. Wannan ya fi ci masa rai.

Bayan azahar dattawa suka zauna a dandali, kowa a mazauninsa. Samari na tsaye daga nesa. Mze Bwanaheri, sa'ansa, wanda ke biye da shi a girma tun suna masu baƙin gemu, ya karkato.

"An ce za a ɗaura maka injin kwale-kwale a baya."

"Kai a ɗaura maka a baki. Da mun isa tun jiya."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Mze Twahiri ya buga sanda, wuri ya yi tsit.

"Teku ba ta ci naman aurena ba," ya ce. "Ba ta san ni ba. Daga yau, in jiniya ta yi kuka, layi ya juye. Yara gaba. Mata. Samari su riƙe marasa ƙarfi. Mu masu mayafi baya. Ni ƙarshe."

Wani dattijo ya yi gyaran murya. "Mze, kakanninmu ba su..."

"Kakanninmu ba su da jiniya. Na gama."

"Ni fa?" in ji Bwanaheri.

"Kana gabana. Shekara talatin kana so."

Wannan karon har samari suka yi dariya, ba wanda ya hana su.

La'asar sakaliya jiniya ta yi kuka. Mze Twahiri ya tsaya a gefen bakin hanya, ya harɗe hannu a kan sanda. Mutane suka iso a guje, suka gan shi, suka ja suka tsaya. Wani masunci ƙato ya rusuna, ya sunkuyar da kai.

"Wuce, ɗan banza! Gaisuwa ka zo?"

Masuncin ya zabura ya wuce. Sai hanya ta ɓalle. Yara suka haye kamar awaki. Mata suka bi, ana ja ana dariya. Mwanaesha ta zo wucewa, ta rage tafiya da gangan, ta dube shi sama da ƙasa.

"Yau na ga bayan duniya," ta ce.

"Gaba za ki gani. Tafi."

Ya tsaya yana kallo. Bai taɓa ganin bayan mutanen garinsa ba, kullum su ke ganin nasa. Ashe suna da yawa haka. Ashe suna da sauri. Ya ji wani sanyi a ƙirjinsa, irin na ranar da aka yafa masa mayafin. Da Bwanaheri ya wuce yana haki yana waige, ya bi shi.

Ya kai rabin hanya, wajen wani dutse mai faɗi, sai gwiwar ta ƙi. Ya tsaya. Daga sama hayaniya ke saukowa. Can sai ga Madam Odile tana gangarowa da gudu, Zalhata na biye, 'yan kwana-kwanan huɗu a bayansu ɗauke da gadon marasa lafiya.

Madam ta yi magana da sauri, tana murmushi, tana nuna agogo.

"Baba, ta ce minti goma sha huɗu kowa ya hau. Ta zagaya tsibirai bakwai ba ta ga haka ba. Ta ce dokar nan taka za ta kai ta Seshel da Morishas, a koya wa mutane."

"Ta kai. Ban hana ba."

"Amma agogo ba ya tsayawa sai na ƙarshe ya iso. Yanzu sha shida. Mutanen nan sun ce minti uku su kai ka."

Suka ajiye gadon a gabansa. Babbansu, wani mai gashin baki, ya dafa ƙirji ya nuna gadon, kamar mai miƙa wa baƙo kujera.

"Hau mana, ango!" Bwanaheri ya ƙwala daga sama. "A kawo ka da guɗa!"

"Mze!" muryar Mwanaesha ce. "Wallahi in ka ja mana, yau a masallaci za ka kwana!"

Ya dubi gadon. Sanduna biyu, ƙyalle a tsakani, mariƙi huɗu, kafaɗa huɗu. Ya san irinsa. Ya sa tasa kafaɗar ƙarƙashin irinsa ya fi sau ɗari, daga masallaci zuwa bayan gari.

"In ban hau ba fa?"

Zalhata ta tambaya. Madam ta daina murmushi, ta amsa a hankali.

"Ta ce za ta rubuta abin da ta gani, duka biyun: gari sha huɗu, kai kuma lokacin da ka isa. Amma masu yanke hukunci lamba suke dubawa. Ba ta yi maka alkawari ba. Baba, don Allah. Sha bakwai."

Mze Twahiri ya ɗaga kai. Gefen tudun cike yake da fuskoki, ɗari uku, duk suna sama da shi, duk lafiya lau. Ya gyara mayafinsa. Ya kafa sanda a kan dutsen, ya ja gwiwar, ta biyo.

"Gaya mata na ba da gaba, ban yi ciniki ba. Amma sau ɗaya ake ɗaukar namiji a kafaɗa, kuma ranar ba a tambayarsa." Ya kewaye gadon. "Ba zan hau ba."