Rinin Baba Issoufou

Shekara shida Hashimu ya yi a ɗakin baya na shagon hotonsa da ke unguwar Rusaifa a Makka yana neman rinin da zai sa fim ɗin ɗaukar hoto da yake haɗawa ya kama jan haske. Idan babu rinin, duk abin da yake ja, baƙi yake fitowa a hoto. Ya karanta kimiyya a jami'a, amma abin ya ƙi.

Baba Issoufou, tsohon ma'aikacin mahaifinsa da ke taya shi aiki a shagon, ɗan marina ne daga Damagaram. Tun da ya zo hajji bai koma ba, kuma ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Wata safiya ya miƙo wa Hashimu hoton jan shimagi, rawanin Larabawa, kowane zare ya fito tas.

"Baba, wa ya koya maka?"

"Hannu ne, ɗana. Na ɗan taɓa naka haɗin."

Hashimu ya ce masha Allah a fatar baki. Ya kai rinin aka yi rajistar ƙirƙira da sunansa shi kaɗai. Ya gaya wa kansa ai tsohon ba shi da takardu. Duk da haka matasan da ke sayen fim ɗin, in sun zo, Baba suke tambaya, su wuce takardar rajistar da ke rataye ba su kalla ba.

Sai wani kamfanin waje ya shigar da ƙara, wai rinin nasa ne. Lauyar Hashimu, Shaima, ta nemi shaidar yadda aka gano shi da kuma yaushe. Ya yi ta kame-kame.

Baba ne ya kawo wani tsohon littafi, cike da ajami, kowane gwaji da kwanan watansa, tun kafin kamfanin ya yi rajistar nasa rinin. Shaima ta juya shafuka, ta dubi Hashimu.

"Wannan zai fid da mu. Amma dole sunan Baba ya shiga rajistar."

"Ba wata hanya?"

"Babu."

Hashimu ya sa hannu. Kamfanin ya janye ƙarar.

Da sabuwar takardar rajista ta iso, Baba ya sa a karanta masa sunansa, ya yi murmushi, ya koma wankin hoto. Hashimu ya ari littafin, ya yi mako uku yana bin sa shafi-shafi, yana neman kuskure ko da guda ne. Bai samu ba.