Muryar Malam Sake

A jami'a, sashenmu ne abin tsokanar kowa. Ɗaliban likitanci kan tambaye mu ko da ganga muke shiga jarrabawa. Mu kuwa harkar waƙa muke karanta: yadda ake ɗaukar murya, yadda ake tace ta, da yadda ake rubuta yarjejeniya tsakanin mawaƙi da kamfani don kada wani ya cinye wani. Mahaifina har ya rasu injiniya yake gaya wa mutane 'yarsa na karantawa, ni kuma na bar shi a haka.

Ɗakin ɗaukar sautinmu yana can ƙarshen baranda, bayan inda ake jibge karyayyun kujeru. An lulluɓe bangonsa da soso, kullum warin waya mai zafi yake yi, ga fanka a sama amma haramun ne a kunna ta, don ƙararta na shiga makirufo. Gilashi ya raba ɗakin biyu, a bayansa malaminmu yake zama, yatsansa a kan maɓallin magana. Mawaƙi zai dage ya rera har jijiyar wuyansa ta tashi, ya gama yana jiran yabo, sai lasifikar saman ƙofa ta yi ƙaras, a ji kalma ɗaya:

"Sake."

Shi ya sa muka laƙaba masa Malam Sake. Ya san da sunan, bai kuma taɓa nuna ya sani ba. Mun sha zaginsa a ciki, muna gumi kamar masu aikin gini, amma yau da za a mayar da ni ɗakin nan da zafinsa, da gudu zan koma.

Dokarsa ɗaya ce: muryar mai ɗauka ba ta fita kasuwa. Kafin ka miƙa aiki sai ka datse kai da gindi, ka cire tari, ka cire motsin kujera, uwa-uba ka cire "sake" ɗinsa. Wanda ya bari aka ji shi ko sau ɗaya, ya faɗi. Muka ƙware a goge Malam, har muna gasa.

Shekaru suka ja. Ina aiki a sashen haƙƙin mallaka na wani kamfanin waƙa lokacin da Allah ya yi wa Malam rasuwa. Bayan 'yan watanni autarsa ta zo ofishina, ta zauna tana murza hannun jakarta.

"Anti, Mama ce ta aiko ni. Ta ce muryar Baba ta fara ɓace mata. Fuskarsa tana gani a hoto, amma in ta rufe ido don ta ji shi, ba ta jin komai."

"Ba ku da shi a waya?"

"Kin san halinsa. Bai yarda a ɗauke shi ba, saƙon murya ma ba ya turawa. Na ce mata ai ɗalibansa ba za su rasa ba."

Na ce ta ba ni kwana biyu, har da 'yar dariyata. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa tsakanin makirufo, a ce a rasa muryarsa?

Na je sashen, aka buɗe mini ma'ajiyar ayyukan ɗalibai. Na saurara har kunnena ya yi zafi. Kowane aiki fes, kamar an wanke shi da sabulu. Na bi 'yan ajinmu a waya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya duba nasa, kowa ya dawo da amsa iri ɗaya. Wani ma cewa ya yi, "Haba, ni da na zo na ɗaya?" Na kashe wayar kafin in gaya masa maganar da ba ta dace ba. Haushin kanmu ya kama ni, da haushin Malam ɗin ma, wanda ya koya mana share shi daga duniya muka kuwa iya.

Ina hanyar gida Anjima ya faɗo mini a rai. Ɗan ajinmu ne, kome aka ce ya yi sai ya ce "an jima", har sunan ya bi shi. Shi kaɗai Malam ya kayar a shekararmu, don ya miƙa kasetinsa ba tare da ya datse komai ba. Daga nan ya bar sashen. Na same shi a shagonsa na kayan lantarki, ya yi teɓa, furfura ta fito.

"Kasetin? Yana nan a kwali," in ji shi. "Tun ranar nake cewa an jima zan jefar da shi."

Washegari da la'asar muka je gidan Malam tare, ɗauke da tsohuwar rikoda da na aro daga sashen. Mama tana zaune a falo, kujerar Malam tana gefenta babu kowa a kai. Auta ta danna maɓalli.

Waƙar ba ta da daɗi ko kaɗan. Wani abokin Anjima ne yake ta kwarara murya yana kauce wa kiɗa, Anjima ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Waƙar ta tsaya. A cikin kasetin aka ji kujera ta motsa, lasifika ta yi ƙaras.

"Sake."

Sai ga abin da duk muka manta yana da shi, wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa. "Ɗana, ba kora ake yi ba. Sha ruwa, ka huta, ka sake."

Ni da na zo don in ƙarfafa wa Mama gwiwa, ni na fara share hawaye. Ita kuwa idonta a rufe yake, tafin hannunta a kan hannun kujerar nan. A kasetin, abokin Anjima ya sake fara waƙarsa, Auta ta miƙa yatsa ta tsayar da kasetin, ta dubi mahaifiyarta.

"Mama, kin ji shi?"

Mama ba ta buɗe ido ba.

"Sake," ta ce.