Murhun Tarcisio

Sau uku Tarcisio yana danna maɓallin murhun ɗumama gida, sau uku ƙwayoyin katako suna gangarowa cikin kaskon kamar kashin awaki, amma wuta ta ƙi kamawa. Ya tsaya a tsakiyar kicin da kwat a jikinsa, yana kallon numfashinsa yana fita fari.

Ranar Alhamis ce. Ranar Lahadi 'yarsa Nives za ta hauro daga birnin Udine, kuma tun ranar da aka binne mahaifiyarta, Onorina, a watan Oktoba suka yanke magana: in ta tarar da gidan da sanyi ko sau ɗaya, zai tattara ya koma wurinta, hawa na huɗu, inda ba a hango dutse ko guda.

Ermes mai gyara ya iso wajen ƙarfe goma, yana kakkaɓe ƙanƙara daga takalmansa.

"Kawu, ba wannan ne murhun da kake cika mana baki a kansa a gidan kofi ba? Shekara shida bai nemi shara ba?"

"Shi ne. Ban da bututun da kake zuwa kana lalatawa duk shekara, ba abin da yake buƙata. Shi yake cinye tokarsa."

"To yau ya ƙoshi."

Ermes ya buɗe ƙofar gilashin, ya zaro ɗan kaskon ƙarfen. Toka ta daskare a ciki kamar ƙanzon tuwon masara, ta toshe hudojin da iska take bi. Ya ƙwanƙwasa da farce.

"Wannan na wata biyu ne, bai fi ba. Kafin nan akwai mai share shi."

"Wa?"

"Kasko kullum da safe, kafin a kunna. Durowar toka da gilashi duk mako. Ƙarfe nawa kake tashi, Kawu?"

"Takwas."

"Inna Onorina fa?"

Ermes ya zura hannu bayan murhun don ya cire waya, sai ya fito da tsinken saƙa guda ɗaya, bakinsa ya yi baƙi ƙirin. Tarcisio ya karɓa yana jujjuya shi. Ya san ɗan'uwan tsinken, kore, yana cikin kwandon zaren Onorina. Ya daɗe yana mamakin yadda mace take saƙa da tsinke ɗaya.

"Nuna mini," ya ce.

"Sai ka durƙusa fa."

Tarcisio ya dafa tebur, ya sauka a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya kankare ƙanzon, ya bi hudojin ɗaya bayan ɗaya da tsinken. Talatin da biyu ne, ya ƙirga. Da ya gama, tashi ya gagara. Ermes ya kama shi ta hamata ya ɗago shi kamar buhu.

"Gobe ba na nan, Kawu. Jibi ma haka."

"Wa ya gayyace ka?"

Tarcisio ya fita zuwa tsohon garken shanu da ke bayan gidan, ya dawo da 'yar kujerar tatsar nono mai ƙafa uku. Ya ajiye ta gaban murhun, ya zauna, ya miƙa hannu. Hannun ya kai kaskon. Ya dafa gwiwa ya miƙe, da ƙyar, amma shi kaɗai.

Wuta ta kama a dannawar farko. Ermes ya sha kofinsa a tsaye.

"In Nives ta tambaye ni fa?"

"Ka ce kofi ya kawo ka. Kowa ya san halinka."

Da ƙarar motar Ermes ta ɓace a gangaren, kicin ya fara ɗumi, gilashin taga yana zufa. Tarcisio ya danna maɓallin, ya kashe murhun. Ya zauna a kan kujerar da kwat ɗinsa, tsinken a hannu, yana jiran ƙarfen ya huce. Kwana uku suka rage, yana so ya sake yi tun daga farko ba mai tsaye a kansa.