Abin da Ke Cikin Aljihun Kwat

"Inna, Mama ce ta ce ki zo. Likita ya ce jikin ya yi nisa."

Tela ba ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba sai da ta kai ƙarshen kalmasa. Shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakaninta da Marubuciya, ko gaisuwa ba ta haɗa su, yau kuma ga autar matar a bakin ƙofa, idanu jawur.

Kowa ya san littafin da Marubuciya ta rubuta. Har a makarantu ana koya wa yara cewa jarumar ciki Marubuciyar ce da kanta: malamar makaranta da aka kora saboda wata wasiƙa marar sa hannu, mijinta na kirki ya share mata hawaye, ta zauna gida ta kama rubutu. Muguwar ƙawar da ta rubuta wasiƙar kuwa, an yi ta tela mai tabon ƙuna a bayan hannun hagu, irin na Tela sak. Mutanen layin ba su nemi mai fassara ba. Masu kawo ɗinki suka janye, wanda ya so aurenta ya bi sahunsu, yara suka raɗa mata Mai Wasiƙa, sunan ya bi ta har furfura.

Duk da haka ta tashi ta bi yarinyar. A hanya ta yanke shawara: idan matar nan ta nemi gafara, za ta yafe. Tsufa ya rage mata ƙarfin riƙo.

Ɗakin na warin magani. Marubuciya ta koma ƙashi da fata, kwalabe jere a kan littattafanta. Ta yi wa 'yarta alama ta fita.

"Kin zo, ƙawata."

"Na zo. Sannu da jiki."

"Ba na so in tafi da kowa a raina." Ta ja numfashi da ƙyar. "Na yafe miki."

Tela ta dube ta. Ita za a yafe wa? Ta jawo kujera ta zauna dab da gadon, ta rage murya kamar mai lallashi.

"Kin tuna kwat ɗin mijinki, ruwan toka, da aljihunsa ya yage kika kawo mini?"

Marubuciya ta gyaɗa kai.

"Cikin shafin kwat ɗin, ƙasan aljihun, na tsinci takarda. Wasiƙar ce, da rubutun hannunsa, har da inda ya soke ya gyara. Ba ya son fitarki aiki, ya rasa bakin faɗa miki."

"Ƙarya kike."

"To, wa ya fara gaya miki ni ce?"

Marubuciya ta runtse ido. Yatsunta suka damƙe zanen gado. Can ta ce, "Me ya hana ki faɗa?"

"Kina da tsohon ciki lokacin, na tausaya miki. Da littafin ya fito kuwa, wa zai saurari Mai Wasiƙa?" Tela ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara. "Yafiyarki, riƙe abarki. Tawa kuma ba ki nema ba."

Ta koma gida ta ƙarasa rigar da ta bari. Gaskiya ta ji daɗi, kuma ba ta ji kunyar jin daɗin ba.

Washegari da hantsi kuka ya tsallako katanga. Tela ta shiga ta zauna cikin mata a falo. Autar ta durƙusa gabanta tana shessheƙa.

"Inna, me kuka tattauna? Kina fita ta sa na sauke hoton Baba. Daga nan ba ta ƙara magana ba."

"Hirar da ce, 'yar nan."

Tela ta ɗaga kai. A bangon da ke fuskantarta akwai wani wuri mai kusurwa huɗu da fentinsa ya fi na ko'ina haske, da ƙusa guda ɗaya a samansa.