Tarin Gado

Rana ta take tsaka, Rekiya na surfen gero a tsakar gida, sai ta ji tarin. Sau biyu a jere, sannan wani siririn fito daga can ƙasan ƙirji. Taɓarya ta suɓuce daga hannunta. Daga ɗakin Malam Tukur ya fito, surukinta, wanda tun kafin girbin wake aka kai shi makwancinsa.

Ta je ta ɗaga labulen ɗakin. Tagar a toshe take da tsumma kamar kullum, iskar ɗakin ta yi nauyi da tsohon turare. A kan buzun marigayin, ɗanta na kwance, ƙirjinsa na hawa da sauka kamar na ɗan tsako.

"Kin ji, ko?" in ji Inna Yahanasu, uwar mijinta, tana murmushi daga bakin gado. "Abba bai bar komai na mai sunansa ba. Hancin nasa ne, goshin nasa ne, yanzu har tarin ya gado. Angona ya dawo mini!"

Rekiya ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta kira, balle ta ɗauke shi a gaban suruka. Wannan kunyar ce ta sa tun daga ranar suna yaron ke wuni a ɗakin nan. Kafin rasuwarsa, kowace safiya Malam kan ɗora shi a cinya, ya karanta addu'a, ya tofa masa a fuska, a hankali, cikin ƙaunar da ke sa idon Rekiya cika da hawaye daga bayan labule.

* * *

Ta ce za ta gaido gyatumarta, ta hau acaɓa da yaron daga ƙauyensu Kuki ta zarce asibiti a Dutsin-Ma. Bayan gwaji da hoton ƙirji, wata nas mai suna Sakinatu ta zaunar da ita.

"Maman Abba, wa ke tari a gidanku?"

"Kakansa ne. Amma ya warke kafin ya rasu. Sanyi ne, aka ce."

"An ba shi magani?"

Rekiya ta tuna farar ledar maganin da mijinta Munzali ya cusa a bayan randa. An ce sai Malam ya sha shi har wata shida. Da tarin ya lafa aka daina zuwa karɓa, don wani ɗan Karofi da ya san su ya hango su a layin masu tarin fuka.

Sakinatu ta yi ajiyar zuciya. "Ƙwayar tarin fuka ce, ita kuwa ba ta faɗa a fili, 'yar'uwa. Jiki na da dakarunsa masu haɗiye duk baƙon da ya shigo huhu. Ita kuwa in an haɗiye ta ba ta narkewa. Sai ta gyara zama a cikin wanda ya haɗiye ta, ta yi lamo. Jiki ya gina mata katanga, ya ɗauka ya binne ta. Tana nan da ranta, tana jiran mutum ya raunana."

Rekiya ta dubi yaron, ta ji kamar wani abu na kallonta daga bayan 'yan haƙarƙarinsa.

"Zai tashi in sha Allahu, in ba a tsallake magani ba," in ji Sakinatu. "Amma duk 'yan gidan su zo a duba su. Kowa da kowa."

* * *

"Kowa da kowa?" Munzali ya ture kwanon fura. "A ce gidan Malam Tukur gidan fuka ne? Wa zai sake kawo ɗansa ƙofar nan? Wa zai auri ƙanwata Fiddausi?"

"Malam, don girman Allah. Ɗanka ne fa."

"Oho, yau kuma kunyar ta ƙare? Ki ba shi maganinsa a ɗaki, ban hana ba. Amma kada in ji kalmar nan ta tsallake zaure."

Da safe Rekiya ta jiƙa ƙwayar maganin a cokali, ta ɗura wa yaron, ta goya shi a gaban Inna ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Daga zaure take jiyo hayaniyar matan unguwa. Tunda Malam ya rasu, Munzali ne ya gaji buzun da masu zuwa neman tofi.

Ta leƙa ta jikin zana. Wata yarinya mai jego ta miƙa masa jaririyarta cikin sabon tawul, tana cewa, "A sa mana albarka, Malam."

Munzali ya karɓe ta da tausayi. Ya karanta addu'ar da muryar mahaifinsa. Sai ya kau da kai gefe, ya yi tari sau biyu, da ɗan siririn fito a ƙarshe. Ya goge baki da hannun riga, ya sunkuya, ya tofa a fuskar jaririyar.

Matan suka haɗa baki: "Amin."