Kwamfutar Auta

Sati uku Dogo mai gyaran firiji yana yawo da takardar makaranta a aljihu, har ta yi laushi. Malamar su Auta, ƙaramar 'yarsa, ta rubuto cewa daga wannan zangon a kwamfuta za a riƙa yin aikin gida. Tun ranar ya rasa sukuni. Abokin aikinsa ya ce ya sayi ta hannu, ƙaninsa ya ce ta tebur ta fi ƙarko, matarsa kuwa cewa ta yi, "Don Allah sayo wadda ke kunnuwa, mu huta da zancen nan."

Ran Asabar ya goya Auta a babur suka shiga layin masu kayan lantarki. Shago uku suka leƙa ya fito yana tsaki. Wayarsa ko sai ruri take, wata mai sayar da kifi ce firijinta ya tsaya.

A shago na huɗu wata dattijuwa ce ke tsare. Ta buɗe wata siririyar kwamfuta ta tura gaban yarinyar.

"Rubuta sunanki mu gani, 'yata."

Auta ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa gilashin. "Baba, wannan ba ta da kyau."

Aka buɗe wata, ita ma haka. Can Auta ta nuna wata ƙatuwa a lungu, mai faffaɗan allo.

"Wannan ai talabijin ce!" in ji Dogo, yana kaɗa makullin babur. "A kaina za mu ajiye ta? Ke, yi sauri, kifin mutane na lalacewa."

Mai shagon ba ta kula shi ba. Ta nuna kalandar da ke bango. "Karanto min abin da ke saman can."

Auta ta ƙanƙance ido. Ta matsa taku ɗaya, ta ƙara. Sai hawaye.

Makullin ya tsaya a hannun Dogo. Daga inda yake tsaye, a bakin ƙofa, yana ganin rubutun raɗau.

Ya durƙusa gabanta. "A aji fa, yaya kike ganin allo?"

"Littafin ƙawata nake kwafa."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Kullum kana sauri, Baba."

Wayar ta sake ƙara. Ya kira abokin aikinsa ya roƙe shi ya je wa mai kifi, sannan suka nufi asibitin ido. Suka tarar an tashi, sai Litinin. Ran Lahadi wuni ya yi yana ɗaga mata kwali daga ƙarshen falo yana cewa ta karanta, har matarsa ta ƙwace.

Ran Litinin likita ya ce tabarau ne kawai. Da suka koma shagon, Auta da sabon tabarau a idonta ta karanta kalandar tas, har da lambar wayar da ke ƙasa. Dogo ya miƙa hannu ga siririyar.

"Ni dai ƙatuwar, Baba."

Ya janye hannu, ya biya. Ya fita neman igiyar da zai ɗaure kwalin ƙatuwar a bayan babur.