Gajeriyar Igiya a Hannun Dogo

Ranar da suka koma sabon gida, kaya duk sun shige ban da akwatin littattafan Malama. Masu mota sun hau da shi bene, suka dire shi a bakin matakala, suka ce saura kuma aikin mai gida. Tsakanin nan da ƙofarsu akwai doguwar baranda mai daɓen siminti.

Mai gidan kuwa Dogo ake ce masa, don kowace ƙofa sai ya sunkuya yake shiga. Burodi yake gasawa, kuma wanda ya saba saɓar buhun fulawa ba akwati ne zai ba shi tsoro ba. Ya samo guntuwar igiya, ya ɗaura a mariƙin akwatin, ya naɗe hannun riga.

"Matsa gefe, uwargida, ki ga aikin maza."

Ya ja. Gaban akwatin ya ɗaga kamar zai gaishe shi, ya ɗan motsa, ya koma ya zauna daram. Ya sake ja har jijiyar wuyansa ta fito, gumi na tsiyaya ta haɓarsa.

"Wai fiziks kike koyarwa a makarantar nan, ko duwatsu?"

Malama, wadda da ƙyar kanta ke kai aljihun rigarsa, tana jingine da bango tana danne dariya.

"Ƙarfinka lafiya lau, maigida. Sama kake aika shi."

"Sama kuma? Wa na sani a can?"

"Dubi igiyar. Ita gajeriya, kai ga tsawo, shi ya sa ta miƙe. Kusurwar da ke tsakaninta da ƙasa za ta kai digiri sittin. Abin da ke jan akwati gaba shi ne ƙarfinka sau kosain na wannan kusurwa. Kosain na sittin kuwa rabi ne. Ka ga rabin ƙarfinka kawai ke tafiya gaba."

Dogo ya share goshi. "Shi wannan Kosain ɗin, ɗan ajinku ne?"

"Lamba ce, mai gaya maka nawa ne daga ƙarfinka ya bi hanyar da kake so. In igiya ta kwanta, kusurwa ta ragu, sai ya matso kusa da ɗaya. In ta miƙe tsaye ɗoɗar, ya zama sifili, ka yi ta ja har gobe ba inda akwati za shi."

"To in rage tsawona ke nan?"

"Ƙara na igiyar ya fi sauƙi."

Ta shiga ɗaki ta zaro igiyar shanya daga cikin bokiti, suka ƙulla ta da guntuwar. Dogo ya ja da baya sosai, har igiyar ta kusa kwanciya. Bai yarda ba dai. A ransa yana cewa, in lissafi na jan kaya, da ba a ƙera amalanke ba. Ya ciji leɓe, ya fizga da duk haushinsa.

Akwatin ya taho ƙuuu kamar an yi masa kiran abinci. Dogo ya yi taga-taga, ya kusa zama a ƙasa. Wata tsohuwa maƙwabciya ta buɗe ƙofa da ludayi a hannu, tana tambaya ko jirgi ne ya sauka.

"Ilimi ne ke wucewa, Iya!" in ji Dogo. Yanzu har taku yake da yanga, yana jan akwatin da hannu ɗaya.

A bakin ƙofarsu akwatin ya tsaya cak. Suka juya shi, suka karkata shi, suka gwada ta tsaye. Faɗinsa ya fi na ƙofar.

Dogo ya dubi matarsa. "Wannan fa, me Kosain ya ce?"

"Ya ce ba ruwansa."

Dariya ta ci ƙarfinsu har suka zauna a kan akwatin. Da suka huta, Malama ta buɗe murfin, suka shiga kwasar littattafan runguma-runguma. Tsohuwar ma ta ajiye ludayinta ta zo taya su, tana zaɓar ƙanana.